Tsohon Tabo da Farar Riga: Yadda Amurka Ke Auna Halin Mai Neman Aikin Jinya

A jihar Teksas ta Amurka, kafin ɗalibin aikin jinya ya taɓa majinyaci, sai an fara karɓar yatsunsa goma. Makarantar da ta ɗauke shi za ta aika sunansa ga hukumar kula da aikin jinya ta jihar, shi kuma ya je a ɗauki zanen yatsunsa, a tura wa jami'an tsaron jihar da hukumar FBI su duba ko ya taɓa shiga kundin masu laifi. Daga nan sai zaman jira. Wanda aka tarar kundinsa fari tas, wani ɗan kati shuɗi ne zai iso masa ta gidan waya, ya miƙa wa makaranta, a wuce wajen. Wanda kuwa ya buɗe akwatin wasiƙunsa ya tarar da ambulan a maimakon kati, to ya san jiya ta biyo sawunsa.

Mu ƙaddara wata mata ce, shekarunta 31, uwar 'ya'ya biyu. Ta daɗe tana aikin wankan tsofaffi da ba su abinci, yanzu tana son ta yi karatu ta zama cikakkiyar nas. Tana da shekara 19, lokacin tana karɓar kuɗi a wani kanti, ta riƙa zarar 'yan canji daga akwatin ciniki har asiri ya tonu. Alƙali ya yi mata ɗaurin talala, ta biya abin da ta ɗauka, ta gama wa'adinta lami lafiya. Tun daga ranar ko tarar gudu da mota ba a sake yanka mata ba. Maƙwabta ba su san labarin ba, 'ya'yanta ma haka. Amma kwamfutar FBI ba ta mantuwa. Wasiƙar da ke hannunta na neman ta kawo takardun kotu, ta rubuta da kanta yadda abin ya faru, kuma mai yiwuwa a ce ta je gaban masanin halayyar ɗan Adam ya auna ta, ya faɗa wa hukuma ko za a iya damƙa mata amanar marar lafiya.

Bahaushe ya ce hali zanen dutse. Shi ne kuma ya ce ɗan Adam ajizi ne, ga addini ya koya masa cewa ƙofar tuba a buɗe take. Kowannenmu na yawo da maganganun nan biyu a baki: in ɗan wani ne ya yi ɓarna mu jawo ta farko, in namu ne mu jawo ta biyu. Hukumar bayar da lasisi ba ta da wannan sararin. Dole ta tsaya a kan ɗaya, a rubuce, game da mutum guda, ta kuma sa hannu.

Abin da ya sa jinya ta fita daban

Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti ya san cewa da tsakar dare likita ba ya nan, 'yan uwa sun tafi ko barci ya kwashe su. Nas ce ke nan. Ita ke riƙe da mabuɗin akwatin magungunan da ke sa maye, ita ke zuƙo allura, ita ke juya tsohon da ba ya iya ɗaga hannu, ita ke shiga ɗakin da jaka da wayar majinyaci suke ajiye a kan tebur. Abin da ta rubuta a takarda shi likita zai gaskata da safe. Kamfanin binciken ra'ayi na Gallup ya saka aikin jinya cikin jerin sana'o'in da yake tambayar Amurkawa a kansu a 1999, kuma tun daga lokacin kowace shekara ma'aikatan jinya ke zuwa na ɗaya wajen gaskiya da riƙon amana, in ban da 2001 da 'yan kwana-kwana suka sha gabansu bayan harin 11 ga Satumba. Wannan yardar ita ce jarin sana'ar, kuma ita hukumomin jihohi ke gadi.

Sau da yawa kuma sai an yi ɓarna ake tuna gadin. Charles Cullen ya yi shekara 16 yana aikin jinya a jihohin New Jersey da Pennsylvania, daga wannan asibiti zuwa wancan, yana ɗura wa majinyata magungunan zuciya da na ciwon suga fiye da kima har su mutu. An kama shi a Disambar 2003. Ya ce ya kashe mutum kusan 40, an tabbatar da 29. Abin da ya fi tayar wa jama'a hankali shi ne alamun sun daɗe a fili. A 1993 ya haura gidan wata abokiyar aikinsa cikin dare tana barci da ɗanta, ya amsa laifin shiga gidan mutane ba izini, aka yi masa ɗaurin talala na shekara ɗaya. Ya yi yunƙurin kashe kansa, ya kwanta a asibitin ƙwaƙwalwa, ya fito ya koma bakin aiki da lasisinsa a aljihu. A 2005 jihar New Jersey ta yi dokar da ake yi wa laƙabi da sunansa, wadda ta wajabta binciken tarihin laifi ga ma'aikatan lafiya, ta kuma tilasta wa asibitoci su riƙa kai rahoton ma'aikacin da suka ga take-takensa.

A Kalifoniya kuwa 'yan jarida ne suka fasa ƙwan. Tsakanin 2008 da 2009 Charles Ornstein da Tracy Weber, masu yi wa ProPublica da jaridar Los Angeles Times aiki, suka gano cewa jihar ta fara ɗaukar yatsun sabbin ma'aikatan jinya ne a 1990, waɗanda suka riga suka karɓi lasisi kafin nan ba wanda ya waiwaye su. Akwai masu laifuffuka jere a kotu suna ta aiki hankali kwance, kuma hukumar jinya ta jihar kan ɗauki fiye da shekara uku kafin ta hukunta wanda aka kai ƙara. A Yulin 2009 gwamna Arnold Schwarzenegger ya sauya akasarin mambobin hukumar.

Daga irin waɗannan darussa aka tsaurara. Yau jihohi kusan 40 sun shiga wata yarjejeniya da ke ba nas damar aiki a cikinsu duka da lasisi guda, kuma tun Janairun 2018 sharaɗin samun wannan lasisin ya haɗa da binciken yatsu. Wanda aka taɓa samu da babban laifi ba ya samunsa, sai dai ya nemi na jiha ɗaya in jihar ta yarda.

Hanyar da fayil ke bi

Teksas ta yi abu guda da ya kamata a yaba mata: ba sai mutum ya ƙarar da dukiyarsa da shekarunsa a makaranta ba sannan a ce masa ba zai zauna jarrabawar NCLEX ba, wato jarrabawar ƙasa da kowace nas ke ci kafin ta samu lasisi. Doka ta ba shi damar ya shigar da buƙata tun da wuri, a duba tarihinsa, a ba shi hukunci a rubuce kan ko ya cancanta.

Tambayoyin takardar ba sa barin mafaka. An taɓa kama ka? An taɓa samunka da laifi, ƙarami ko babba? Ka taɓa shiga yarjejeniyar da alƙali zai jingine hukunci in ka kiyaye sharuɗɗa? Ƙananan laifuffukan hanya kawai aka yafe ambato. Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Wani lauyansa ya ce masa shari'ar ta mutu, sai ya rubuta a'a, alhali kotu ba ta taɓa ba da umarnin goge ta ba. Sakamakon yatsu na dawowa, magana ta tashi daga satar shekara 12 da suka wuce ta koma ƙaryar makon jiya. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya, kuma hukumomin nan sun fi saurin yafe tsohon laifi a kan sabuwar ƙarya, domin aikin jinya kacokan a kan rubuta gaskiya ya tsaya: ƙarfe nawa aka ba da magani, guda nawa, wa ya yi kuskure.

Akwai laifuffukan da ba sa jiran dogon nazari. Dokar jihar ta lissafa su: kisa, satar mutane, fyaɗe, fashi, cutar da yaro ko tsoho ko naƙasasshe, da makamantansu. Mai irin wannan ba ya samun lasisi har sai shekara biyar sun cika bayan ya kammala zaman talala ko sakin sharaɗi. Sauran kuwa, wato mafi yawa, ɗaya bayan ɗaya ake duba su: yaya girman laifin, shekarun mutum nawa lokacin, sau nawa ya maimaita, me ya yi da rayuwarsa tun daga nan, kuma ina laifin ya haɗu da aikin jinya. Binciken majalisar hukumomin jinya ta ƙasar ya nuna cewa tuƙi cikin maye ne ya fi yawa a cikin laifuffukan da ke zuwa gabansu, sai na miyagun ƙwayoyi da sata. Ba sai an yi dogon bayani ba kan abin da ya haɗa mai shan ƙwaya da akwatin magani, ko mai ɗan hali da jakar tsohuwar da ta ruɗe.

In takardu sun kasa warware shakka, sai a koma ga gwaji. Inda hukuma ke da dalilin zaton cewa taɓin ƙwaƙwalwa ko shaye-shaye zai hana mutum aiki lafiya, tana da ikon tilasta gwajin. Inda tarihin laifi ne kawai, roƙo take yi, amma roƙon mai iko ne, wanda ya ƙi ya san ya raunana hujjarsa. Masanin da zai yi gwajin sai wanda hukuma ta amince da shi, kuɗin kuma daga aljihun mai nema yake fita, ba kuma kaɗan ba ne ga wadda take rayuwa hannu baka hannu ƙwarya.

Cikin ɗakin gwaji

Abu na farko da masanin zai faɗa wa matar nan tamu shi ne kada ta ɗauke shi likitanta. Bai zo ya yi mata magani ba, kuma abin da ta faɗa ba sirri ba ne tsakaninsu, rahoto zai rubuta ya aika wa hukuma. A gabansa akwai fayil: rahoton 'yan sanda, hukuncin kotu, bayanin da ta rubuta da hannunta, wasiƙun waɗanda ta yi wa aiki. Ya riga ya karanta su kafin ta shigo.

Sai hira, wadda kan ci sa'o'i. Gidan da ta tashi, makaranta, aure, bashi, giya da ƙwaya, ko ta taɓa ganin likitan ƙwaƙwalwa. Sannan ya ce ta ba shi labarin abin da ya faru a kantin. Ya san labarin, abin da yake saurara shi ne yadda za ta faɗe shi. Za ta ce an yi mata sharri ne, ko kowa ma yana yi ita ce tsautsayi ya faɗa wa? Za ta rage yawan kuɗin ƙasa da abin da ke cikin takardar kotu? Ko za ta ce ni na ɗauka, sau kaza, ga halin da nake ciki a lokacin, ga abin da na sauya don kada in sake? Kuka ba ya cikin ma'auninsa sosai, don wanda bai yi nadama ba ma ya iya zubar da hawaye. Abin da yake nema shi ne bakinta ya zo ɗaya da takarda, kuma ta san ramin da ta faɗa har ta iya nuna inda yake.

Bayan hira sai gwajin rubutu. Wanda aka fi sani shi ne MMPI, wanda Starke Hathaway da J. C. McKinley suka tsara a Jami'ar Minnesota aka buga a 1943. Bugu na biyu, na 1989, jimloli 567 ne, kowace mutum ya ce gaskiya ce game da shi ko ba gaskiya ba. Bugu na uku da ya fito a 2020 ya rage su zuwa 335. Akwai kuma PAI mai jimloli 344, da wasu gajeru da aka yi musamman don gano mai ɓoye shaye-shaye. Ba a cin wannan jarrabawa ko faɗuwa kamar ta lissafi. Ana kwatanta amsoshin mutum ne da na dubban jama'a, a ga ko sun karkata wajen baƙin ciki mai tsanani, ko zargin kowa, ko rashin iya danne zuciya, ko raina doka.

Tarkon da ke ciki shi ne wanda masu neman lasisi suka fi afka wa. An warwatsa wasu jimloli game da ƙananan aibobin da kusan kowa ke da su, irin jin haushi jefi-jefi, ko ɗage aikin yau zuwa gobe, ko ɗan taɓa gulma. Mai son ya burge hukuma sai ya musanta su duka, ya fito kamar waliyyi. Ma'aunin kuwa yana ƙirgawa, in musun ya yi yawa sai a ce sakamakon bai inganta ba, mutumin yana kare kansa. Garin neman gira a rasa ido. Mai gaskiyar da ta amsa cewa e, takan yi fushi, takan yi kasala, ta fi tsira.

A wasu shari'o'in a Teksas akan haɗa da na'urar gano ƙarya: ɗamara a ƙirji, abin awon jini a dantse, wayoyi a yatsu, ana tambaya ana duban bugun zuciya da numfashi da gumi. Daga ƙarshe masanin zai amsa tambayar da aka aiko shi da ita: shin wannan mutumin zai iya bin ƙa'idojin sana'a a kai a kai, kuma yaya yiwuwar ya maimaita abin da ya yi? Hukuma ce ke yanke hukunci. Tana iya buɗe ƙofa ba sharaɗi. Tana iya buɗewa da sharuɗɗa: aiki ƙarƙashin idon wata nas, rahoton shugaban aiki lokaci-lokaci, gwajin fitsari ba sanarwa, darasin doka da ɗa'ar sana'a, ko shiga shirin da ke taimaka wa ma'aikatan jinya masu fama da shaye-shaye. Tana kuma iya ƙi, shi kuma ya kai kuka gaban alƙalin harkokin mulki.

Sikelin ma yana da tasa karkatar

Sai dai wa ya auna ma'aunin? A 2012 Seena Fazel na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa suka tattara bincike kan mutum fiye da 24,000 a ƙasashe 13, don ganin ƙarfin ma'aunan hasashen tashin hankali. Cikin waɗanda ma'aunan suka ce ba su da haɗari, kusan tara cikin goma haka suka kasance. Amma cikin waɗanda aka ce suna da haɗari, kimanin huɗu ne kawai cikin goma suka aikata. Ma'ana, kayan aikin sun fi iya wanke mutum a kan iya nuna mugu. Galibinsu ma a kan fursunoni da majinyatan asibitin ƙwaƙwalwa aka gina su, ba a kan uwar 'ya'ya biyu mai neman shiga makaranta ba.

Na'urar gano ƙarya ta fi rauni. Tsoro take aunawa, shi kuwa tsoro mai gaskiya ma yana jinsa. Cibiyar kimiyya ta ƙasar Amurka ta fitar da rahoto a 2003 da ya ce hujjar ingancinta wajen tantance ma'aikata ba ta da ƙarfi, kuma tun 1988 dokar tarayya ta hana akasarin kamfanoni masu zaman kansu gwada masu neman aiki da ita. Cullen kansa an ɗora shi a kanta a 1993, bayan mutuwar wata tsohuwa mai shekara 91 da ta ce wani nas ya yi mata allurar da ba ta gane ba. Ya haye gwajin, ya ci gaba da kisa shekara goma.

Akwai kuma batun al'ada. Mutanen da aka fara ɗauka a matsayin ma'aunin lafiyayyen hankali a MMPI na farko fararen fata ne 'yan Minnesota, ɗari bakwai da 'yan kai, yawancinsu mutanen karkara da suka zo dubiya asibitin jami'a. An faɗaɗa samfurin daga baya, amma matsalar ba ta gushe duka ba. A cikin tsofaffin jimlolin har da wadda ke tambaya ko miyagun iskoki kan shiga jikin mutum. A Minnesota amsa e alama ce ta ruɗewar hankali. Ga wadda ta tashi a Zariya ko Damagaram, inda zancen aljanu da ruƙiyya abu ne na yau da kullum, amsar na iya nufin wani abu daban. Haka sunkuyar da kai a gaban babba: a wajenmu kunya ce da tarbiyya, a idon baƙon da bai san mu ba yana iya zama alamar rashin gaskiya. Ƙwararren masani ya san da wannan, yana kuma tambaya kafin ya yanke. Ba kowa ne ƙwararre ba.

Shaidar lokaci

Shaida mafi ƙarfi da bincike ya samo ba ta buƙatar na'ura. A 2009 Alfred Blumstein da Kiminori Nakamura suka bi sawun mutum kusan 88,000 da aka fara kamawa a jihar New York a 1980. Suka ga cewa haɗarin sake aikata laifi yana kan ganiyarsa ne a shekarun farko, sannan ya riƙa sauka. Wanda ya zauna lafiya na tsawon shekara huɗu zuwa takwas, gwargwadon irin laifinsa da shekarunsa, haɗarinsa kan sauko daidai da na sa'o'insa a cikin jama'a. Ashe zanen dutse ma ruwan sama na cinsa.

Ɗaya ɓangaren ma yana da tasa hujjar. Wani bincike da aka buga a shekarar, kan ma'aikatan jinya da hukumomin jihohi shida suka sa wa ido bayan sun yi kuskure a aiki, ya nuna masu tsohon tarihin laifi sun fi sauran sake faɗawa. Sai dai waɗannan mutane ne da suka riga suka yi tuntuɓe a cikin sana'ar, ba masu neman shiga ba.

Nauyin maganar ya fi bayyana in aka duba yawan waɗanda ta shafa. Ƙiyasin da aka fi ambata ya ce Amurkawa sama da miliyan 70 ne ke da wani abu a kundin laifi, kusan baligi ɗaya cikin uku, kuma baƙaƙen fata sun fi shiga ciki nesa ba kusa ba in aka kwatanta da yawansu. Ga ƙasar na kukan ƙarancin ma'aikatan jinya. Shi ya sa Kalifoniya, wadda a da aka zarga da sakaci, ta yi dokar da ta fara aiki a Yulin 2020: in ban da manyan laifuffuka, hukumar lasisi ba za ta hana mutum ba sai a kan laifin da bai wuce shekara bakwai ba kuma yake da alaƙa ta ƙut da ƙut da sana'ar, kuma ba za ta kafa hujja da hukuncin da kotu ta riga ta soke ba.

Waɗanda kundi bai sani ba

Abin da ya kamata ya hana masu tsara doka barci shi ne mafi munin ma'aikatan jinya a tarihi da fararen kundi suka shigo. Beverley Allitt, wadda ta kashe yara huɗu a asibitin Grantham na Ingila a 1991, ba ta da wani tarihi a kotu. Kwamitin Clothier da ya binciki lamarin ya ba da shawara a 1994 a riƙa tantance masu neman aikin ta fuskar lafiyar hali, shawarar da daga baya aka soka da cewa tana sa ma'aikata su ɓoye damuwarsu su ƙi neman magani don tsoron rasa aiki. A Jamus, Niels Högel, wanda kotu ta samu da laifin kashe majinyata 85 a 2019, ya bar asibitin Oldenburg a 2002 da takardar yabo a hannu, duk da an fara zarginsa, ya koma Delmenhorst ya ɗora daga inda ya tsaya. Cullen ma haka aka riƙa yi masa: a sallame shi a ɓoye, asibiti na gaba ya tambaya, a ba shi ranar fara aiki da ranar bari, a ja baki a yi shiru don gudun shari'a. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. An tsare ƙofar shiga da sikeli da na'ura, an bar ta baya a buɗe.

Ina ruwanmu?

Ruwanmu da yawa. A farkon 2024 magatakardan Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Duk wadda ta nufi Birtaniya sai ta kawo takardar shaidar 'yan sanda ta kuma bayyana lafiyarta da halinta ga hukumar can, wadda ta nufi Amurka kuma yatsunta za su shiga kwamfutar FBI. Darasi na farko da za ta tafi da shi shi ne abin da a gida ake kira rufin asiri, a can ɓoye gaskiya ne sunansa, kuma shi kaɗai ya isa ya ci lasisi.

A gida kuma tambayar na nan tafe. Binciken da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda, kuma a 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin bayan ɓarnar da ya yi a garuruwa irin su Kano. Daga cikin matasan da guguwar nan ta kwasa akwai waɗanda suka farfaɗo, wasu za su nemi shiga makarantun jinya. Korar su duka zalunci ne da asara. Karɓar su ido rufe kuma ganganci ne da ran majinyaci. Ƙwararrun da za su auna su ba su da yawa, asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa da Kware da Dawanau aiki ya riga ya yi musu yawa. Amma abin da ya fi amfani a tsarin Amurka ba shi ne mai tsadar ba: a tambaya tun kafin mutum ya kashe kuɗin makaranta, a ba mai gaskiya hanya, a sa masa ido na wani lokaci, kuma asibitin da ya kori ma'aikaci saboda satar magani ya faɗa wa hukuma maimakon a haɗu da dattawa a kashe maganar ya koma asibitin layi na gaba.

Ita kuwa matar nan tamu, in komai ya tafi daidai, bayan watanni wata ambulan za ta iso. Mai yiwuwa a ciki an ce ta cancanta, da sharaɗin shekararta ta farko a ƙarƙashin idon wata. Takardar ba ta ce halinta ya gyaru ba, ba kuma za ta tilasta wa wani asibiti ya ɗauke ta ba. Dama kawai aka ba ta. Sauran shaidar ita za ta kawo ta, dare bayan dare, lokacin da za ta buɗe akwatin magani da ƙarfe uku na dare ba mai ganinta, ta ƙirga ƙwayoyin, ta rubuta adadin da ta tarar.